Inda Wutsiyar Tauraro Ta Dosa

Talata: tashi daga Wudil

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidanmu, jakar kaya a hannun dama, wani dogon bututu naɗe cikin tabarma a kafaɗar hagu. Shekarar da aka gama yaƙin basasa ce, zafin bazara ya kankama. Inna ta rako ni har zaure, ta ce, "Habu, ban aike ka ka je ka yi masa surutun boko ba. Yayana na ce ka ɗauko mini." Na ce in Allah ya so ba zan dawo ni kaɗai ba.

Yayan nata shi ne Kawu Ɗanbaba. Shekara talatin ya yi yana jagaban masu koro shanu a ƙasa daga Arewa zuwa Ikko, yana bin taurari da dare. Da motoci suka ƙwace sana'ar, sai ya zauna a zangon Hausawa na Agege yana ɗaurin goro. Yanzu yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Na yi ta zarya asibitin ido a Kano da takardar da wani likitan Ikko ya rubuta masa, har aka ba shi rana, Alhamis ta sama. In ya wuce ta, likitan asibitin zai tafi hutu sai bayan damina, kuma an gaya mini idon ba zai jira ba.

Muna cikin murna sai ga wasiƙa daga Agege: Kawu ya ce ba ya zuwa. Tauraro mai wutsiya ya fito, kuma a ƙa'idar jagabai ba a ɗaga ƙafa sai an san inda wutsiyar ta dosa. In hanyarka ta nufa, ka zauna. Ban yi dariya ba, don na san tushen abin. Kawu yana ɗan shekara tara, Inna tana goye, irin wannan tauraron ya fito, mahaifinsu ya ƙi jin maganar mutane ya tashi da ayari. Bai dawo ba.

Bututun kuwa madubin hangen nesa ne. Abokin aikina Malam Garba ya haɗa shi da kwanon rufi da gilasai biyu. Mu malamai huɗu ne a makarantarmu da muke fita filin ƙwallo kallon sama, mutanen gari suna kiranmu masu ƙidayar taurari. Dabarata ita ce in kai wa Kawu hujja ta ilimi. Abin kunyar, ni kaina ban ga tauraron ba tukuna, kwana uku gajimare yana tare gabas.

Ƙarfe bakwai na iso Kano, mil ashirin da takwas. Na sami motar albasa mai zuwa ɗauko goro Agege. Direban, wani kakkauran mutum mai suna Na'Allah, ya karɓi fam biyu da sule goma, ya ba ni gaba. Ya dubi tabarmar ya ce, "Malam, wannan gawar wa ka ɗauko?" Na yi masa bayani. Ya ce, "To, Allah ya ba mai ita lafiya," ya cusa ta ƙarƙashin tamfol.

Mun wuce Zariya da azahar, muka bi ta Funtuwa da Birnin Gwari. A Tegina muka tsaya sallar magariba, kuma a nan na yi wautar da ta bi ni har Agege. Na cire tabarauna zan yi alwala, na rasa inda zan ajiye, na ɗora a kan tayar mota. Ina wanke ƙafa Na'Allah ya ja motar gaba don ya ba wata tanka hanya. Ƙarar da na ji ba ta da yawa. Ni kuwa tun ina aji huɗu, in babu tabarau, ba na bambanta mutum da turmi daga taku ashirin. Na tsinci ɓaraguzan na zuba a aljihu, ban san don me ba. Tuwon dawa da miyar kuka na sisi na ci a daren, bai yi mini daɗi ba.

Laraba: Kontagora zuwa Ilori

A Kontagora muka kwana, kan buhunan albasa. Wajen ƙarfe biyar na ji tasha ta ɗauki salati. Direbobi da fasinjoji duk sun fito suna nuna gabas, wata mai koko tana cewa Allah ya sa alheri ne. Na ɗaga kai na ƙanƙance ido. Abin da na gani bai wuce tabon alli da aka shafe da hannu a allo ba. Na roƙi Na'Allah ya kwance tamfol, ya ce igiyar da ya ɗaura jiya ba mai kwance ta kafin Jebba. Haka mai ƙidayar taurari ya tsaya yana tambayar mai koko yadda tauraro yake.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata muka iso shingen sojoji a bakin gadar Jebba. An daina harbi, amma bincike bai ragu ba. Aka sauke mu, aka ɗage tamfol. Wani saje dogo mai tsage a kumatu ya warware tabarmar, ya ga baƙin bututu mai tsawon kamu uku. Sai ya ja da baya, sojoji biyu suka gyara riƙon bindiga.

"Na wane ne wannan?"

Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ina harsashinsa?"

Na rantse masa madubi ne, na ce ya sa ido ya gani. Ya ce in fara sawa tukuna. Na ɗora shi a kan ganga, na saita shi ga wani kofur da ke tsaye can ƙarshen gada, na ja gefe. Saje ya sunkuya ya leƙa. Ya ɗago ya dubi gada, ya sake leƙawa, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Kai! Ku zo ku ga Kofur yana tafiya da kai, ƙafa a sama!"

Na bayyana masa cewa irin wannan madubin haka yake, komai a kife yake nuna shi, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Sojoji suka yi layi, har da mai dafa musu abinci. Minti arba'in muka yi a nan, motoci sun taru a bayanmu suna ta oda. Da za mu tafi saje ya naɗe mini tabarmar da hannunsa, ya ce shi ma yana ganin tauraron in yana gadi, kuma a ganinsa na zaman lafiya ne, tunda sai da aka ajiye makamai ya fito. Muka haye Kwara, Na'Allah yana cewa daga yau ba ya ƙara ɗaukar malamin makaranta.

Ilori muka yi la'asar. Na ci amala da miyar ewedu, wani ganye mai yauƙi kamar lalo, sule ɗaya har da nama biyu.

Alhamis: Badun, Abekuta, Agege

Mun kwana a Oyo, ruwan sama ya tashe mu, ba maganar tauraro. Badun ƙarfe tara, Abekuta sha biyu da rabi, daji yana ta ƙara duhu, iska tana ƙara nauyi. Ƙarfe uku da minti goma Na'Allah ya taka birki a zangon Agege, ya ce mil ɗari bakwai ke nan da 'yan kai, in sauka da gawata.

Ban sha wuyar samun Kawu ba. A wata rumfa na tarar da shi zaune kan buhu, ganye a gefe, kwando a gabansa, yana jera goro a huhu. Hannunsa kaɗai ke aiki. Ya ɗauki goro ya murza, in mai tsutsa ne ya jefa gefe, bai taɓa kuskure ba. Idanunsa kuwa sun yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, ƙwalla ta cika mini ido, don rabona da shi yana iya hango saniya daga mil guda ya faɗi ta wane ce.

Ya shafa fuskata ya ce, "Habun Hajara. Ta aiko ka ka ɗaure ni ka kai mata?"

"Ta ce in gaishe ka, Kawu."

"Ƙarya kake, Hajara ba ta aike da gaisuwa kaɗai."

Da daddare na kwashe ilimina kaf na zuba masa: tauraron ƙanƙara ne da ƙura, rana ce take narka shi, ba ruwansa da mutuwar kowa. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Ka gama? To ni ban tambaye ka da me aka yi shi ba. Ina wutsiyar ta dosa?" Ya ce kwana goma yana tambayar mutanen zango, wannan ya ce teku, wancan ya ce Abekuta, wato hanyar gida. Da ya ji na zo da madubi, sai ya ce, "In madubinka ya ce ba Arewa ta nufa ba, na bi ka."

Juma'a da Asabar: jiran sama

Ashe Agege ma tana da nata masu ƙidayar taurarin, mutum biyu. Ɗaya Iliya, Kirista ne mutumin kudancin Zariya, ma'aikacin reluwe mai ba jirgi hannu, shiru-shiru, yana da wani littafi da yake zana tauraron kullum. Ɗayan Sule mahauci, haifaffen Agege, wanda in ya buɗe baki ba ka san da Hausa zai ƙare ko da Yarabanci ba. Dukansu aikin asuba suke yi, shi ya sa suka saba haɗuwa kan wani bene da ba a gama ginawa ba a bayan tasha, su kalli gabas kafin kowa ya kama gabansa.

Sule ya rungume ni ya ce, "Oga Tisha, e kabo, sannu da zuwa! Wallahi dis tauraro, ko sinima albarka. Kullum sai na makara kwata saboda shi."

Asubar Juma'a muka hau da Kawu, ina riƙe da hannunsa, matakala ashirin da biyu ba makari. Gajimare ya rufe ko'ina. Asabar ma haka, har da yayyafi. Iliya ya gaya mini jirgin da zai kai mu Kano kafin Alhamis shi ne na ranar Litinin, bayansa babu wani. Na kasa cin abinci. Na shiga bolekaja, motar katakon da suke haya da ita, har Mushin neman tabarau, mai shagon ya ce irin nawa sai an yi sati biyu.

Lahadi: kan bene

Ƙarfe huɗu da rabi Sule ya buga mana ƙofa. "Oya, ku fito, sama ta wanke!"

Da muka hau, Kawu ya zauna a kan bulo, ya juya fuska kudu ya ce, "A wannan watan, war haka jerin taurarin da ake kira Kunama tana nan a sama, ƙarinta ya lanƙwasa hagu. Kaza da 'ya'yanta sun faɗi tun daren fari." Iliya ya haska littafinsa da tocila, ya ce a hankali, "Haka yake, Baba." Mutumin da ba ya ganin tafin hannunsa ke nan.

Na kafa madubi a kan bulo uku, Iliya ya saita mini shi. Na murɗa har ya daidaita da raunin idona, sai ga shi. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Kansa fari tas, wutsiyar ta bazu kamar an kwance gammon auduga a iska. Na ma manta da mutane, sai da Kawu ya damƙi hannuna.

"Ina ta dosa?"

Na sake dubawa, farin ciki ya kama ni. "Ƙasa ta yi, Kawu! Ƙasa, ta karkata dama, wajen teku. Ba ruwanta da Arewa!"

Kawu ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi, ya fara laluben sandarsa. Sai na ji Iliya ya yi gyaran murya.

"Malam, ka yi haƙuri. Ni dai sama nake ganin ta yi."

Sule ya ce, "Sama mana, ta ɗan kwanta hagu. Oga Tisha, wane tauraron kake kallo?"

Nan take kofur ɗin gadar Jebba ya faɗo mini a rai, ƙafafunsa a sama. Ni da na yi wa sojoji lacca ranar Laraba, ni ne na manta ranar Lahadi. Ba zan ɓoye muku ba, na yi niyyar in dage. Da na ce madubi ya fi idon mahauci, Kawu zai yarda, gobe mu hau jirgi. Amma hannunsa yana kan nawa, hannun da yake gane goro mai tsutsa a cikin duhu.

Na ce, "Kawu, ni na yi kuskure. Madubin a kife yake nuna abu. Gaskiyarsu ce, sama ta dosa, kuma ta ɗan karkata Arewa."

Ladan ya fara kiran salla a masallacin zango. Na tsaya ina tunanin fuskar Inna in na shiga zaure ni kaɗai.

Can sai Kawu ya buga sandarsa a siminti. "Mutum uku! Ido shida da bututu! Ni da na kawo shanu garin nan sau talatin ba taswira ba fitila, yau ni ne nake zaune ina roƙon mahauci da ɗan reluwe da malamin da ya fi ni makanta su gaya mini abin da ke sama!" Ya share fuska da hannun riga. Wannan ne karo na farko da na ga Kawu yana kuka, kuma na tabbata ba tsoro ne ya sa shi ba, kewar sama ce.

Ya juyo wajen Iliya. "Ɗan reluwe, kwana nawa ya rage masa?"

"Yana raguwa, Baba. Wataƙila sati uku, ko huɗu."

"Kai kuma, aikin idon kwana nawa?"

Na ce an gaya mini kwana goma a kwance.

"To a yanko tikiti."

Na ce, "Wutsiyar fa, Kawu?" Sule ya taka mini ƙafa.

Kawu ya ce, "Jagaba da idonsa yake yanke hukunci, ba da na aro ba. Zan je a buɗe mini in gan ta da kaina. In ni ta nufa, ta same ni kusa da Hajara."

Litinin zuwa Laraba: jirgin ƙasa

Rabin zango ya rako mu tasha. Sule ya kawo ƙunshin tsire da zai ishi mutum goma, Iliya ya sama mana kujera kusa da taga, ya yago shafi guda daga littafinsa ya ba Kawu, ya ce in an buɗe idon ya duba ko zanen ya yi daidai. Jirgi ya tashi ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana. Kawu bai runtsa ba. Duk tashar da muka tsaya sai ya shaƙi iska ya faɗi sunanta kafin in karanta allo, wanda dama ba na iya karantawa. Mun haye Jebba cikin dare, muka yi awa huɗu a Minna ana jiran wani jirgin, Kaduna da la'asar ɗin Talata. Ƙarfe biyu na daren Laraba muka shiga Kano. Alhamis da hantsi aka shiga da shi ɗakin aikin ido.

Gida

Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance, an tare kansa da jakunkunan yashi kada ya motsa. Ni ma na yi sabon tabarau a nan. Ranar da aka kwance bandeji aka sa masa nasa mai kauri kamar gindin kwalba, Inna tana tsaye a gaban gado. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Hajara, ashe kin tsufa." Ta ce, "Kai ma, Yaya, ba a nuna maka madubi ba ne." Suka yi dariya, suka yi kuka.

Washegarin isowarmu Wudil, ƙarfe huɗu da rabi, muka fita bakin kogi, ni da shi da Inna da Malam Garba. Tauraron ya matsa can arewa maso gabas, ya dushe, sai ka san inda yake za ka same shi. Na fara kafa madubi, Kawu ya ture shi da sanda ya ce in raba shi da abin da ke kifar da duniya. Ya ɗaga kai, ya gaisa da Kunama tukuna kamar tsohuwar abokiya, sannan ya juya a hankali. Ba wanda ya nuna masa. Ya tsaya cak.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Malam Garba da madubinsa, da Na'Allah, da sajen Jebba, da Sule, da likitan da ma'aikatansa. Iliya kuwa godiyarsa daban ce, don da ya yi shiru a kan benen nan, da na kawo Kawu gida a kan ƙarya, da kuma Kawu bai faɗi abin da ya faɗa a bakin kogi ba.

Kawu ya daɗe yana kallon tauraron, sannan ya ce, "Muna Agege kun ce ta karkata Arewa. To ga mu a Arewar, mil ɗari bakwai, har yanzu tana can gaba abinta." Ya laluba ya kama hannun Inna. "Ba garin kowa ta nufa ba, Hajara. Sama ta dosa. Baba ma kwanansa ne ya ƙare."